Gurasa da gishirin Hajiyar Slovakiya

Ko na tsufa na rikice, ba na jin zan manta da ranar da wata tsohuwa ta sauya mini ra'ayi a cikin falona. Ni kuwa mutum ne mai taurin kai, iyalina shaida ne.

'Yata ce ta samu gurbin karatun likita a Slovakiya, na ce atafau ba za ta ba. Ƙasar da ko a taswira sai na lalubo? Yarinyar haifaffiyar Madina ce, in yi mata faɗa da Hausa ta ce da Larabci "Khalas, Baba," wato shi ke nan, ta shige ɗaki tana kuka. Abin ya dame ni, amma na ƙi saukowa.

Ana haka wata farar tsohuwa mai ziyara ta zo karɓar maganin tari a kantin maganin da nake aiki, ɗanta na yi mata tafinta da Larabci. Da na ji daga Slovakiya suke, sai na gayyace su gidana a unguwar Ƙiblatain. Niyyata su faɗi aibin ƙasar a kunnen yarinyar, in huta.

Ina! Hajiya ta buɗe baki. Ta ba mu labarin duwatsun Tatra masu ƙanƙara, da tafkunan da ake hango ƙasansu, da ruwan zafi mai ɓuɓɓugowa inda tsofaffi ke jiƙa gwiwa. Ta ce kogin Danube ta cikin babban birninsu Bratislava yake ratsawa, tsofaffin fadoji kuma birjik a kan tuddai. Ta gargaɗi 'yata: in an kawo mata abincinsu na dankali da cukun tumaki, ta ce kada a barbaɗa naman alade.

Na ce, "Hajiya, masallaci fa?"

Ta ce, "Ɗana, ba zan yi maka ƙarya a garin Manzo ba. Ba mu da mai hasumiya. Ɗaki muke taruwa, kuma sallarmu ba ta taɓa wuce mu ba."

Sai ta gutsuri gurasa, ta nemi gishiri ta dangwala, ta miƙa wa 'yata. Ta ce haka suke karɓar baƙo, wanda ya ci ya zama ɗan gida. Yarinyar ta riƙe tana kallona. Wallahi idona ya cika. Na ce, "Ci, Allah ya yi miki albarka."

Yau likita ce. Na koyi cewa wanda ya faɗa maka abin da ƙasarsa ta rasa bayan ya gama yabonta, shi ake ba amanar ɗa.