Kaset Ɗin Malam da Tsuntsayen Amarawa

Na manta abubuwa da yawa a duniyar nan. Jiya ma sai da na tayar da gida ina neman tabarau, alhali yana bisa hancina. Amma ranar da na yi wa kwamfuta gyara a Illela, wannan kam ba ta barin kaina har a kai ni makwancina. Na ce gyara, don haka na kira shi a lokacin. Waɗanda suka shaida abin suna da wani sunan da suke kiransa, ni kuwa ba zan rubuta shi da hannuna ba.

Can cikin shekarun tamanin, bayan an sake buɗe iyakar Nijar, ina da rumfar gyaran rediyo da rikoda kusa da tasha. Bokona aji uku ne, na ƙara da yaƙi da jahilci, wanda har yau ban tabbatar da wanda ya ci yaƙin ba tsakanina da shi. Duk da haka, in aka ce "Injiniya" a garin nan ni kaɗai ke waiwayowa. Bayan la'asar majalisa kan cika a bakin rumfata, da tela, da wani ɗan canji, da duk mai son na'ura. Babu abin da Bature ya ƙera wanda ba mu yanke masa hukunci ba, mun gan shi ko ba mu gan shi ba.

Mutum ɗaya ne a cikinmu ya san abin da yake faɗa, shi ya sa ba mu cika barinsa ya yi magana ba. Malamin lissafi ne a makarantar sakandare. Shi ya sayo kwamfuta a Ƙonni ta Nijar, hannun wani Bature da ya gama aiki zai koma ƙasarsu. Ranar da muka je kallo a ɗakinsa, mun zaci za mu ga abu kamar firji. Sai muka tarar da wani ɗan faifai mai maɓallai, an jona shi da talabijin baƙi da fari, batirin mota na ba su wuta. Tela ya duba ya duba ya ce wannan tafireta ce da ta yi karatu. Ɗan canji ya ce in dai ba ta iya gane jabun sefa da shafawa, to shi ya fi ta. Ni kuwa na gyara murya na ba da fatawa: duk abin da ke da waya ɗan'uwan rediyo ne, duk ɗan'uwan rediyo kuma ƙarƙashina yake.

Malam ya yi mana bayani. Wata shida ya yi yana koya mata tsara jadawalin darussa, yadda malamai biyu ba za su yi karo a aji ɗaya ba. Akwai wani kwamiti a Sakkwato da zai zaɓi malami guda a tura shi kwas, shi kuma da wannan aikin zai je gabansu. Ya ce aibinta ɗaya, da an kashe ta take manta duk abin da aka koya mata. Tela ya ce, "Ashe halinta guda da ɗalibanka, Malam." Muka bushe da dariya. A cikin dariyar nan ne Malam ya faɗi inda yake ajiye aikin don kada ya ɓace. Kowa ya ce ya faɗa. Ni ban ji ba, domin a majalisa ba sauraro nake yi ba, jira nake mai magana ya ja numfashi in karɓe.

Wata Talata cikin kaka, saura kwana shida ya tafi Sakkwato, Malam ya kawo mini ƙaramar rikodarsa, ya ce tana jan ƙafa, in canja mata bel, zai karɓa ran Asabar. Ya wuce makaranta da sauri. Na canja bel, na goge kan rikoda, wato ɗan ƙarfen da ke karanta kaset, da auduga da sifirit, sai na ga akwai kaset a ciki, sabo fil, irin mai tsada. Na danna don gwaji.

Jama'a, na ji ƙara a rayuwata, amma ban taɓa jin irin wannan ba. Kamar an tara gyare dubu a cikin garwa an rufe, sannan aka sa wani yana goga wuƙa a kan kwano. Akuyar da ke kwance gindin rumfa ta tashi ta bar wurin. Na cire kaset na sa a babbar rikodata mai baki biyu, ƙarar dai ita ce. Nan na yanke hukunci a gaban majalisa: rana ta dafa kaset ɗin Malam, waƙar da ke ciki ta narke.

Akwai wani dattijo manomi daga Amarawa a zaune, ya kawo rediyonsa mai kaset a sa masa eriya. Tun da ƙarar ta fara yake karkata kunne. Ya ce, "Injiniya, ba ni abin ga. Tsuntsayen jan-baki sun hana ni sakat, sun kusa cinye mini gero. In na rataya wanga gona, ko shaho ba ya sauka." Na ce, "Baba, kayan mutane ne, ba ni bayarwa. Amma tunda kai ne, bari in zuba maka." Na ɗauko wani tsohon kaset, na kwafe masa ƙarar tun daga farko har ƙarshe, muna ta yi masa tsiya. Ya sa a aljihu ya tafi.

To, ni ina da wata al'ada a sana'ata. Yadda mai awo ke ƙara maka gyara a kan mudu, haka ni ma ba na mayar wa mutum rikodarsa hannu sake, sai na ɗora masa wani alheri. Na ce kaset mai kyau irin wannan ba zai lalace a banza ba, bari in cika wa Malam shi da kiɗan goge mai daɗi da na ɗauko daga rediyon Nijar. Na danna jan maɓalli, ya ƙi shiga. Na duba, sai na ga an ɓalle 'yan haƙoran nan biyu na bayan kaset, waɗanda in babu su ba a iya ɗaukar komai a kai. Wanda bai san aiki ba, a nan zai tsaya ya ce mai abu da gangan ya ɓalle. Ni kuwa na san aiki. Na murza takarda na cusa a ramukan, maɓalli ya shiga sumul. Jahilci bai isa ya yi ɓarnar da na yi ba, sai da gwaninta ta taimaka masa.

Ran Asabar da hantsi Malam ya zo. Na miƙa masa rikoda ina murmushi, na danna masa. Goge ya tashi. Ya ce, "Ta gyaru. Ina kaset ɗin da na mance ciki?" Na ce, "Shi ne kake ji. Ya lalace, na raya maka shi. Kada ka yi godiya, mu da kai ba haka."

Bai yi godiyar ba kuwa. Ya zauna a kan benci a hankali kamar mai ciwon baya, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Ya ce, "Injiniya, mi kac ce?" Na maimaita. Ya ce, "Ƙarar da kaj ji, ita ce aikin. Haka take magana. Wata shidana ne ka yi wa kiɗan goge." Da ya zage ni da na ji daɗi. Amma sai ya kama ƙirga kwanaki da yatsu, mutumin da jibi zai tsaya gaban kwamiti. Na ce ba ya da shi a rubuce? Ya ce akwai a littafi, amma gyare-gyaren da ya yi daga baya suna cikin kaset kaɗai, ko wata guda aka ba shi ba ya haɗa su.

Tela ne ya ɗago kai daga ɗinki ya ce, "Injiniya, ba ka zuba ma tsohon Amarawa kukan nan ba?"

Ban san lokacin da na rufe rumfa ba. Na ari babur, na goya Malam, muka kama hanya. A karon farko a rayuwata na yi tafiya ban ba da fatawa ba. Muka tarar da dattijon a gona, yana kaɗa gwangwani da igiya. Bayan gaisuwa na ce, "Baba, yaya maganin tsuntsaye?" Ya ce, "Kwana biyu sun gudu. Ran na ukku suka dawo, har bisa rediyon suke sauka su saurara. Jakina ne dai har yau bai yarda ya matso ba." Malam ya ce, "Baba, kaset ɗin fa?" Ya ce batir ya ƙare, sai ya jefa shi cikin ƙwarya a bukka. Ya ɗauko shi duk ƙaiƙayi. Malam ya karɓa da hannu biyu, yadda ake karɓar jariri ran suna.

Washegari Lahadi, ranar kasuwar Illela, ranar da nake samun cinikin mako. Ban buɗe rumfa ba. Da safe muka taru a ɗakin Malam, ya jona rikoda da kwamfuta, ya danna. Muka zuba wa talabijin ido. Can sai ta rubuto wani abu gajere, Malam ya girgiza kai: ta ƙi karɓa. Ya sake, ta sake ƙi. Ɗan canji ya ce ko a yi mata tofi. Babu wanda ya yi dariya.

Na ce, "Malam, cire wayar nan in ji da kunnena." Ya dube ni irin kallon da ake yi wa wanda ya ƙona gida ya dawo da tayin ashana, amma ya cire. Na saurara. Ƙarar tana nan, sai dai ta dushe, ba ta da kaifin da na ji ran Talata. Wannan kam fagena ne. Kaset ɗin da aka ɗauka a wata rikoda, in aka sa shi a wata, sai an daidaita kai. Akwai wani ɗan ƙaramin sukuru a gefen kan rikoda. Na sa siririn sukundireba ina murzawa kaɗan-kaɗan, ido a rufe, har ƙarar ta koma tana tsaga kunne kamar da. Na ce, "Yanzu ta yi muni yadda ya kamata. Jona."

Minti nawa muka yi ban sani ba, na dai san na karanta duk addu'ar da na haddace, har da ta shiga kasuwa. Sai talabijin ta yi fari, layuka suka fara sauka: Litinin, Talata, aji ɗaya, aji biyu. Malam ya mayar da hularsa. Abin da ya ce kawai shi ne, "Injiniya, zuba mini shi a kaset ukku. Kuma don Allah kada ka yi mini gyara."

Ya je Sakkwato, aka kuwa ɗauke shi. Da ya dawo daga kwas ya kawo mini tsarabar sukundireba jeri guda, ya ce na murza sukuru ne kaɗai, ban da jan maɓalli.

Yau jikokina kan zo da wayoyinsu suna yi mini lacca, wai in mutum yana da abu mai muhimmanci ya ajiye kwafinsa a wani wuri. Nakan bar su su gama, sannan in sanar da su cewa a duk ƙasar Illela ni na fara wannan ilimi, kuma a Amarawa na ajiye nawa, a cikin ƙwarya. Sauran labarin ba na faɗa sai sun matsa.

Amma tsakanina da ku, ga abin da na koya. Ba duk abin da kunnena bai gane ba ne ya lalace. Wani lafiyarsa lau, ba da ni yake magana ba. In na ga mai abu ya toshe wata ƙofa, yanzu nakan tambaye shi dalili kafin in nuna masa na iya buɗewa. Shekara kusan arba'in ke nan, ko agogo aka kawo mini na ji yana kuka, sai na fara cewa, "Da ma haka yake yi?"