Wake Dubu na Ikrima Mai Faci

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha biyu ga watan Agustan 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran ƙanena Ikrima Madu a ƙauyenmu da ke kusa da Dawakin Tofa, bayan zazzaɓi na kwana huɗu. Shekarunsa talatin da huɗu. An kai shi makwancinsa bayan azahar, ta hanyar da gero ya rufe hagu da dama.

Ni ce yayarsa Falta, ma'aikaciyar jinya a ƙaramin asibitin garinmu. Ba na ja da hukuncin Ubangiji. Da mutane nake ja, kuma saboda su na ɗauki alƙalami.

Ikrima, ranar sadakar uku Kawu Mati ya shigo yi wa Inna gaisuwa. Ya zauna a bakin tabarma ya ce, "Allah Ya ji ƙansa, amma yaron nan ya tafi bai bar ko kango ba. Duk karatun nan ya ƙare a yi wa mutanen da bai taɓa gani ba aiki kyauta." Na haɗiye maganata don idon Inna. Yanzu zan fito da ita.

Ga abin da kake yi, ga wanda bai sani ba. A asibitinmu akwai kwamfuta da muke rubuta bayanan marasa lafiya. A cikinta akwai wata manhaja da ke riƙe da bayanan kamar rumbu. Manhajar ba ta kowa ba ce: an bar ta a buɗe, kowa ya ɗauka kyauta, kuma masu sa kai daga ƙasashe daban-daban ne ke kula da ita. In an gano wata ɓaraka, wani ya rubuta gyara, su kira shi faci, manyansu su duba su karɓa. Kai ɗaya ne daga cikinsu. Da rana ka koyar a sakandare, ka leƙa gona, sannan ka zauna kana toshe ɓarakar da wasu suka bari. Ba ka taɓa ƙirƙiro abin da za a yi maka tafi ba. Abokanka suna tsokanarka da Ikrima mai faci, kai kuwa amsawa kake da fara'a.

Shekara uku da suka wuce aka ɗauke wuta ina tsaka da rubutu. Da aka dawo da ita, bayanan masu juna biyu na wata bakwai suka ƙi buɗuwa. A makon ne aka kawo Hure, matar maƙwabcinmu, tana zubar da jini. Rukunin jininta da duk abin da muka gani a awonta suna cikin abin da ya lalace. Kafin a sake gwaji, a nemo mai ba da jini, a samo motar Kano, lokaci ya tafi. Hure ta rayu. Jaririn bai rayu ba. Na dawo gida na zazzage maka, har na ce kwamfutarku ta banza ce. Ba ka kare kanka ba, tambaya ɗaya ka yi: "Yaya, daidai lokacin da wutar ta tafi, me kika danna?"

Ka rubuta wa masu kula da manhajar. Suka amsa da ladabi cewa sun gwada a wurinsu, ba su ga matsala ba. To ina za su gani, tunda wutarsu ba ta tafiya? Abin da ke samunsu sau ɗaya a shekara goma, mu yana samunmu kafin a sauke tukunya. Ka je Kano ka sayo tsohuwar kwamfuta marar batir, ka jona ta da sola a ɗakinka. Sai ka sa ta rubutu, tana tsaka da yi ka fizge waya daga bango. Inna ta ɗauka taɓin hankali ne, har ta fara neman rubutun sha.

Shekara biyu kana bin abin nan kafin ka kama shi. Ka yi mini bayani yadda zan gane: manhajar tana cewa ta adana tun kafin ta adana, kamar mai ɗauko dami ya ce ya sa a rumbu alhali yana kan hanya. Ka rubuta facinka, ka ɗora a kwamfutar asibitinmu, tun daga ranar ba mu sake rasa ko layi ɗaya ba. Sai dai akwai sauran rina a kaba. Duk lokacin da sabon zubin manhajar ya fito, sai ya share facin, sai ka zo ka sake ɗorawa da hannunka. Maganin abin shi ne manyan su karɓe shi, ya zama cikin jikin manhajar. Suka ce gyaran ya taɓa wuri mai haɗari, sai ka kawo shaidar an zare wuta sau dubu ba a yi asara ba. Na ce wannan wulaƙanci ne. Ka ce, "Gaskiyarsu ce, Yaya. Ni ma da haka zan ce."

Ka ƙirga ƙwayar wake dubu daga girbin bara ka zuba a kwano, ka ajiye wani kwanon a gefe babu komai. In ka zare waya, ka mayar, kwamfuta ta tashi ta nuna kore, alamar ba a yi asara ba, sai ƙwaya ɗaya ta tsallaka. Ranar da ka kwanta, kwanon farko bai ƙare ba, saura kusan ɗari huɗu.

Ranar bakwai da rasuwarka saƙo ya shigo wayarka. Ba mutum ne ya rubuto ba, na'ura ce da aka sa tana share ayyukan da masu su suka yi watsi da su. Ta ce an ji ka shiru, in kwana talatin suka cika babu amsa za a rufe maganar facin. Na karanta sau uku, raina ya ɓaci yadda bai taɓa ɓaci ba. Watsi? Kai? Sannan tsoro ya kama ni, don na san da an rufe, sabon zubi na gaba zai mayar da asibitinmu inda yake ranar Hure, kuma babu kai.

Matarka Halimatu Sadiya ce ta ɗago kai daga inda take zaune ta ce, "Yaya, ya nuna mini yadda ake yi. Ai ina nan, ba inda za ni." Tana takaba, wata huɗu da kwana goma ba fita. Ta ja tabarmarta zuwa gaban kwamfutar. Damina ce, hadari yana hana sola ƙarfi, wata rana sau ashirin, wata rana sau biyar kacal. Carbi a hannun dama, wayar wuta a hagu. Tsakanin zarewa da tashin kwamfuta akwai jira, a nan take yi maka addu'a.

Kawu Mati ya dawo da shawarar a kai kwamfutar Kano a sayar tun tana da daraja. Da ya leƙa ya ga abin da take yi, ya ce, "Mai takaba da wasan wuta? Ina aka taɓa yi?" Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Kawu, fita aka hana ni, da ado. Ba a hana ni cika wa mijina alkawari ba." Ta miƙa hannu ta fizge wayar a gabansa.

Saura kwana uku wa'adi ya cika ƙwayar ƙarshe ta tsallaka. Sau dubu, babu ja ko ɗaya. Na tattara sakamakon da kwamfutar ta ajiye, na rubuta musu da Turancin da nake da shi cewa Ikrima bai yi watsi ba, rasuwa ya yi, kuma matarsa ta cika dubun. A wannan karon mutum ne ya amsa. Ya yi mana ta'aziyya, ya ce sun karɓa, ya tambayi yadda ake rubuta cikakken sunanka.

To Kawu, da duk mai irin tunaninka, ku ji. Ikrima bai bar kango ba. Ya bar ɗan gyara da ba zai cika shafi biyu ba, wanda zai shiga duk inda manhajar nan ta shiga, a ƙauyukan da ban san sunansu ba. Za a ɗauke wuta a kan wata ma'aikaciyar jinya, a dawo da ita, ta ci gaba da aikinta ba ta san an taɓa ceton ta ba. Ba za ta gode masa ba, don ba za ta san shi ba. Wanda ya kamata Ya sani Ya sani.

Jiya aka yi sadakar arba'in. Halimatu Sadiya ta juye waken nan dubu cikin wanda aka jiƙa, aka yi ƙosai aka raba. Hure ce ta soya, da tsohon cikinta, sunanta kuma yana nan lafiya a kwamfutarmu. Kawu Mati ya ci huɗu, ina kallo.

Ya Allah, Ka gafarta wa Ikrima, Ka yalwata kabarinsa, Ka toshe masa duk ɓarakar da ya bari tsakaninsa da Kai, Ka sa aikinsa ya zama sadaka mai gudana. Ka ba Inna Fadima haƙuri, Ka raya 'yarsa Ramlat, Ka saka wa Halimatu Sadiya da abin da ba mu iya saka mata ba. Ga dangin Madu na nan da na Borno, da ɗalibansa, da abokan aikinsa na nesa, ina miƙa ta'aziyyata. Mu kuma in tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani, Ya ba mu wanda zai ƙarasa mana kwanonmu. Amin.