Zanen da Yaya Ya Roƙa

A shekarata ta biyu ina karatun zane a Samaru, kaina ya kumbura. Wani malami ya ɗaga aikina a gaban aji ya ce idona ba ya ƙarya, ni kuwa na hau kai na zauna.

A lokacin ne Yaya ya nemi in zana shi. Yau nake cewa "shi". Mace aka haife shi, kuma duk gidanmu a haka muka ɗauke shi, har da ni. Gyaran janareta yake yi a wani shago a Sabon Gari, kai a aske, kullum cikin wando. Ranar Lahadi kaɗai Mama ke samun ɗaura masa zani da ɗankwali don zuwa coci, shi ma sai an kai ruwa rana.

Wata Asabar ya zo ɗakina da rigar marigayi Babanmu a leda. Ya saka, ya kifa bokiti ya zauna, ya dafa gwiwoyinsa.

"Mai hoto abin da ya gani yake ɗauka," in ji shi. "Ke kuwa hannunki ne. Ki zana ni yadda nake, namiji."

Na yi dariya na ce to. Na miƙa hannu, na rufe ido ɗaya, ina auna shi da fensir da babban yatsa kamar yadda aka koya mana. Kafaɗa, haɓa, ƙugu, har ƙirjin da ya ɗaure tamau da ƙyalle, duk na sa su yadda awo ya ba ni. Awa uku bai motsa ba.

Da na juya masa takardar, ya daɗe yana kallo.

"Kin iya," ya ce a hankali. "Haka kowa ke ganina."

Ya cire rigar ya ninke. Ni sakarya har haushi na ji, wai bai yaba yadda ya kamata ba.

Bayan Kirsimeti ya bi wani mai sayar da kayan gyara zuwa kudu. Sau biyu ya kira ta wayar maƙwabta, daga nan shiru har yau.

Abin yana cin raina. Da na gyara layi huɗu ko biyar, da ya ga kansa sau ɗaya a duniya, kuma duk Zariya ni kaɗai ya iya buɗe baki ya roƙa. Na sha gwadawa daga baya. Yanzu hannuna ya yarda, amma fuskar ta fara ɓace mini.