Ruwan Da Suka Ɓatar A Makabartarmu

Shekara bakwai ke nan da rasuwar ƙanena Attahiru. Duk shekara in lokacin ya zagayo nakan dafa abinci in raba sadaka, in yi masa addu'a, in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni. Kwazazzabon da ruwa ya haƙa a makabartar garinmu ya iso layin da yake kwance, ga hadari ya fara haɗuwa daga gabas. Masu zuwa can sun ce tsakanin bakin ramin da kabarinsa bai wuce tsawon tabarma ba. Ni mace ce, ba na shiga makabarta, abin da maza suka gano suka faɗa mini shi nake riƙe da shi. Amma yadda aka yi ruwan ya san hanyar can, wannan kam na sani, don a tsakar gidana aka fara maganarsa.

Garinmu yana kan hanyar Wurno zuwa Goronyo. Ruwa ba baƙonmu ba ne, da shi muke noman rani, da shi muke cin shinkafa da albasa. Abin da ya dame mu shi ne ruwan sama da ke kwantawa cikin gari ya jiƙe gindin katangu har su zube. Sai aka ba wani kamfani aikin tsara mana magudanar ruwa, Attahiru kuma yana cikin injiniyoyinsu. Da aka turo shi bai nemi masauki ba, gidana ya sauka. Iyayenmu sun rigaya sun rasu, ni na riƙe shi tun yana firamare.

Da hantsi yakan shimfiɗa tabarma ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida ya buɗe kwamfutarsa, ni ina gefe ina tsintar shinkafa. Wata rana ya ce, "Adda, taho ki ga garinku." Na leƙa, sai ga garin kwance kamar an kalle shi daga sama, an yayyanka shi ƙananan gidaje kamar saƙar tabarma. Ya ce kowane ɗan gida an gaya wa na'urar tudunsa da gangarensa. In ya saki ruwan sama na ƙarya a kai, kowane gida zai lissafa abin da ya karɓa da abin da ya miƙa wa maƙwabcinsa, da haka za a ga inda ruwa zai bi tun ba a haƙa komai ba. Na yi sakandare, na gane wannan. Ya danna, shuɗi ya fara malala cikin lunguna, na ga ya bi ta bayan masallaci, ya gangara ta kasuwar albasa, daidai yadda yake yi da damina. Har na fara murmushi. Sai komai ya tsaya cak, jan rubutu ya fito.

Na ce, "To mi ya same ta?"

Ya ce, "Ta ƙiya. Ta ce lissahin bai haɗuwa."

"Kai da ita wa ka ba wani umurni?"

Ya yi dariya ya ce, "Adda, ke ma in munka zuba maki mudu ukku munka ce biyar ne, dahuwa za ki yi ko tsayawa?"

Makonni ya yi a kan jan rubutun nan. Ban san sunayen abubuwan da Turanci ba, amma na san abin da ya yi, don yana yi yana magana kamar mai lallashin jaki. Ya rage saurin lissafin, ya sa na'urar ta riƙa tafiya da ƙananan taku, ta tsaya. Ya ƙara yayyanka gidajen suka ƙara ƙanƙanta, ta tsaya. Ya bi kwalbatoci ɗaya bayan ɗaya ko an rubuta bakin wani sama da gindinsa, ya samu biyu ya gyara, ta ɗan ƙara gaba ta sake tsayawa. Ya saki yayyafi maimakon mamako, ta wuce lafiya. Da ya ƙara ruwan sai ta koma gidan jiya. Daga ofishinsu na Sakkwato waya ba ta yankewa. Ina jin sa yana cewa, "Ranka ya daɗe, ba lalacewa ta yi ba, wani abu taka nuna muna." Abin da ya lura da shi a ƙarshe shi ne, duk yadda ya juya, wuri ɗaya take mutuwa: gabas da gari, inda ƙasa ta fara gangara wa fadama. Ya buɗe awon wurin, ya tarar babu awo. Fili guda an bar shi fari. Ya ce wurin da ba a ba ta tsayinsa ba, na'urar tana ɗaukarsa rami ne marar gindi, ruwa na isa sai ya faɗa da gudun da hankali ba ya ɗauka, lissafin ya watse.

Filin nan makabarta ce.

Wanda ya jagoranci awon ƙasar wani safiyo ne, Malam Bitrus, Kirista, mutumin kudancin Kaduna, dattijo mai kunya. Attahiru ya kira shi ya zo, suka zauna a zaure, na aika masu fura, ina jin su ta bayan ƙofa. Malam Bitrus bai yi musu ba. Ya ce, "Injiniya, ni baƙo ne. In kafa ƙarfe mai ƙafa uku a kan kabarin uban wani? In yara suna tattaka mutane da takalmi suna ihu da lamba? Ko ba a ce mini komai ba, ni raina bai ba ni ba." Wallahi ban ga laifinsa ba a ranar, yau ma ban gani ba. Ladabi ne ya hana shi. Yaran da ke riƙe masa sanda Musulmi ne 'yan garin nan, su ma ba wanda ya yarda ya shiga.

Attahiru bai tsaya neman mai laifi ba, wurin liman ya tafi. Suka daidaita cewa Malam Bitrus zai kafa na'urarsa daga wajen shinge, shi Attahiru zai tuɓe takalmi ya shiga da sandar awo, ya bi tsakanin kaburbura da sallama, wani dattijo mai haƙar kabari yana nuna masa inda zai taka. Liman ya ce ba laifi, tunda don kare mamatan ne. Aka sa rana bayan Sallah. Kafin Sallar zazzaɓi ya kama shi, muka ɗauka na sauro ne. Da muka kai shi asibiti a Sakkwato an makara. A makabartar nan aka rufe shi.

Ban yi jayayya da wannan ba. Wanda ya ba ni shi Shi ya karɓe shi, kuma na gode masa a kan shekarun da ya bar mini shi. Abin da ya biyo baya ne ba zan kira ƙaddara ba, ko wa zai ce in kira.

Bayan 'yan watanni muka ga motoci, aka haƙa, aka zuba siminti. Lambatu mai faɗi, ya ratsa gari ya nufi gabas. Muka yi murna, ni har kuka na yi, na ce aikin Attahiru ya tabbata. Damina ta farko cikin gari ya bushe, kowa yana sa albarka. Ba wanda ya tambayi inda bakin lambatun ya ƙare. Ya ƙare ne a jikin shingen makabarta, ya tsaya nan, buɗe. Ruwan gari duka, wanda dā yake rarrabuwa lungu-lungu, aka tattara shi aka miƙa wa matattu.

A damina ta uku aka fara ganin itacen kabari a fadama. Ranar da maigidana ya dawo daga aikin gayya na farko na gyaran kaburbura bai ci abinci ba. Ya wanke hannu ya daɗe yana wankewa. Na tambaye shi, ya ce, "Bari dai. Abin da munka tsinta mun maida."

Malam Bitrus ne ya warware mini. Ya bar kamfanin, amma bai bar zuwa gaishe mu ba duk sanda hanya ta biyo da shi. Na tambaye shi daga bayan ƙofa, na ce, "Malam, na'urar nan da ta ƙi tafiya, ya anka yi ta tahi?" Ya ce wanda aka ba aikin bayan Attahiru bai taɓa zuwa garin ba. Ya ga jan rubutu, ya ga inda yake fitowa, sai ya yanke filin daga taswirar, ya gaya wa na'urar cewa nan bakin gulbi ne, duk ruwan da ya iso nan ya fita, a daina lissafa shi. Cikin yini ɗaya ta tafi sumul. Malam Bitrus ya ce ya gaya masu akwai izinin liman, awon ba zai ci rana guda ba. Aka ce masa lokaci ya ƙure, kuma ai matsalar ta warware.

Ta warware! Ina so mai karatu ya tsaya a nan kamar yadda na tsaya. Ba kuɗi aka rasa ba, ba ilimi aka rasa ba. Na'ura, abin da ba ta da rai, ba ta da uwa ko uba a ƙarƙashin ƙasa, ta tsaya ta ce akwai abin da ba ku gaya mini ba. Ɗan Adam mai hankali ya toshe mata baki don ya tashi aiki da wuri. A cikin kwamfutarsa ruwan yana isa gabas ya ɓace. A garinmu ba ya ɓacewa. Yana shiga ya ɗaga mutanen da aka yi wa wanka aka sallata aka kwantar suna fuskantar alƙibla.

Tun daga nan ba irin baƙin da ba mu gani ba. Suna zuwa da manyan riguna, su tsaya daga nesa su ce innalillahi, a ɗauki hoto, a kawo buhunan yashi, a ce mu dage da addu'a. Addu'a muna yi, tun kafin su zo muke yi. Amma a Islamiyya an koya mana gawa tana da alfarma irin ta mai rai, ba a koya mana cewa in ka jawo ɓarna da hannunka sai ka ce daga sama ta sauko ba. Buhun yashi damina ɗaya yake yi. Yanzu kuma ana ta maganar za a ƙara wa lambatun rassa zuwa sababbin unguwanni, wato a ƙaro masa ruwa, kuma har yau ba wanda ya zo da sandar awo. Wace taswira za a buɗe? Ina jin tsoron wadda aka yanke ce.

Nakan tambayi kaina mi Attahiru zai ce da ya ga wannan. Na san shi, ba zai yi zagi ba, ni ce mai zafin a gidanmu. Zai tambaya ne, wa ya je ya duba? Haka yake tun yana yaro. In rediyo ya yi ƙara ba ya bugunsa, buɗe shi yake yi. Kuma na san abin da zai fi ƙona masa rai ba nasa kabarin ba ne. Na tsofaffin da ke layin gaba ne, waɗanda ruwa ya riga ya tafi da su, aka haɗa abin da aka samu aka rufe a rami ɗaya ba a san wane ne wane ba.

Mi ya rage nasa? Ba sunansa a jikin allon aikin, kuma gara haka, ba na so a jingina masa lambatun nan. Bai yi aure ba, bai bar ɗa ba. Malam Bitrus ya ce duk yaron da ya koya wa awo tun daga lokacin, yakan gaya masa kada ya bar fili fari ya yi shiru, in bai iya shiga ba ya faɗa da babbar murya, kuma yakan ba su labarin wani injiniya na wajen Wurno. Wannan ya rage. Sai izinin liman, wanda ya tsufa yanzu amma ya ce maganarsa tana nan. Sai ni, da na ga jan rubutun da idona, kuma ba zan yarda a ce ba wanda ya sani ba.

Makon jiya dattawan gari suka zauna da malamai, suka yanke cewa a tashi layin da ke bakin ramin a mayar da su tudu kafin ruwa ya sauka. Aka ce kowane mamaci a nemi yardar danginsa. Maigidana ya shigo ya zauna nesa da ni kamar baƙo, ya ce, "Ke ɗai kinka rage mai. Mi za ni ce masu?" Na so in ce a'a. Na so in ce a bar shi inda yake, a je a tashi lambatun, shi ne ya zo daga baya. Amma hadari ba ya jiran fushina. Na ce a ɗauke shi.

Jiya na aika kasuwa aka yanko farin yadi. Na wanke, na shanya, na turara shi da turaren da yake so. Ni na sayi na farkon, ban taɓa zaton zan saya wa mutum ɗaya likkafani sau biyu ba. Ran Asabar za su tafi da yadin makabarta, ni ina gida. Wanda ya yanke filin nan daga taswira, ban san sunansa ba, ban kuma nema ba. In yana karanta wannan, ba na roƙon a kama shi. Ya zo ran Asabar. Ana neman hannu wajen haƙa.