Gayaunar Ɗan Yayana

Ni mace ce mai zargi, kowa a danginmu ya san haka. Ko kyauta aka kawo mini sai na juya ta na duba ƙasanta. Shekarun da na yi ina koyarwa a firamare a Talata Mafara ba su rage mini halin ba, ƙara shi suka yi, don wanda ya zauna da yara cunkushe a aji ɗaya ya san ƙarya iri-iri.

Yayana manomi ne a wani ƙauye ta wajen Bakura. Yana da 'yan biyu, mace da namiji, kuma da suka gama firamare sai ya kawo su gidana don su yi ƙaramar sakandare a gari. Namijin ya fi kai. Shi ke koya wa 'yar'uwarsa lissafi a kan tabarma, yana yi yana tsokanarta. Da suka shiga aji uku, shekarar jarrabawar wucewa babbar sakandare, sai abu ya juye. Ita tana ta hawa, shi yana ta gangara, alhali kullum da safe a gabana yake sa kayan makaranta ya goya ta a keke su fita.

Maƙwabciyata, wata Kirista da ta daɗe a garin tana koyar da lissafi a makarantarsu, ita ta tsegunta mini. Ta ce yaron yakan sauke 'yar'uwarsa a bakin ƙofa ya juya keke, wani lokaci sai ya jera kwanaki ba a gan shi a aji ba. Na titsiye yarinyar, ta sunkuyar da kai. Shi kuwa sai ya ce malamai ne ba sa zuwa.

Ruwa ba ya tsami banza. Zuciyata ta fara kai ni ramukan zinare na wajen Maradun, inda samari ke tafiya su dawo da waya sabuwa da tari. Daga nan ta kai ni ga ƙwaya. Na zazzage jakarsa, na shinshina rigarsa, na riƙa kallon ƙwayar idonsa in yana cin tuwo. Har abin da ya fi wannan muni na zarga, irin abin da a ƙasarmu yanzu ba a faɗa da ƙarfi, kuma na ji tsoro ƙwarai. Ban samu komai ba. Wata rana yana alwala sai idona ya sauka a ƙafarsa. Tafin ya yi fari ya tattare kamar na mai wanki, ga baƙin taɓo a ƙarƙashin farce. Wannan ba ƙasar rami ba ce, taɓon fadama ne.

Ranar Asabar na shiga mota sai ƙauye. Muka gaisa da Yaya, ya tambayi gida, ya tambayi aiki, ya tambayi zafi, na bari ya gama tsaf sannan na ce, "Yaya, mi ɗanka ka yi cikin ruwa ranar makaranta?"

Ya yi dariya. "Ashe shi na yak kawo ki, Malama? Gayauna ta nib ba shi. Ba haka baba yay yi min ba?"

Gayauna ita ce 'yar gonar da uba ke yankar wa ɗansa in ya tasa, ya noma abin kansa. Haka muka tashi muka tarar. Amma a zamanin babanmu ta damina ce, ana zuwa mata da yamma ko ranar Juma'a. Wadda Yaya ya ba yaron kuwa ta shinkafar rani ce, a filin da ke shan ruwan dam tsakanin Mafara da Bakura. Ruwan nan bi da bi ake sako shi, kuma bai san Asabar ba bai san Litinin ba. Ranar da ya zo layinka in ba ka nan, na kusa da kai ya karkatar da shi, dashenka ya ƙone.

"Ni ban hana mai boko ba," in ji Yaya. "Shi tai in ya samu wuri. Namiji na, ya kamata shi san zahin nema."

A nan gizo ke saƙa. Tun ranar da aka nuna masa iyakar gonar, Yaya ya ɗauke hannu daga sabulunsa da takalminsa da littattafansa. Na yarinyar kuwa bai fasa ba. Ba wanda ya ce wa yaron ya bar makaranta, an dai ba shi kyautar da za ta fitar da shi da ƙafarsa, har da keke a kai. Na gaya wa Yaya haka ƙiri-ƙiri, ya ce dama ni ko zuma aka ba ni sai na nemi ƙudan da ke ciki.

A wannan zangon ne wasu baƙi suka zo makarantarsu da manyan motoci, suka raba wa 'yan mata jakunkuna da littattafai, aka yi ta ɗaukar hoto. Na ji daɗi, don ni na san wuyar da na sha kafin a bar ni in yi karatu. Amma maƙwabciyata ta ce samarin ta taga suke leƙe, waɗanda suka zo makaranta a ranar ke nan. An gayyaci iyaye, na je, na ɗaga hannu. Na ce me zai hana a lokacin rani a buɗe ajin yamma, tunda ruwa da tsuntsu da safe suke kiran yaro? Me zai hana wanda gona ta hana shi jarrabawa a ba shi wata rana bayan girbi? Shugaban baƙin ya yi murmushi ya ce shawara ce mai kyau. Ina kallon hannunsa, ko biro bai taɓa ba.

Makon jarrabawa ya faɗo daidai lokacin da shinkafa ta yi nono, tsuntsun jan-baki kuma ya sauko garke-garke. Na ce wa yaron zan sa wani ya tsaya masa korar tsuntsu. Ya ce, "Gwaggo, a ce gayaunata wani ka tsaron ta? Dariya za a yi min." Na yi faɗa, na yi lallashi, har keken na kulle a ɗaki. Ranar farko ya zauna ya rubuta jarrabawar. Da yamma aka aiko masa cewa tsuntsu ya share gefe guda. Washegari da ƙafa ya tafi, bai dawo ba sai da aka gama.

Yarinyar ta ci, ta samu makarantar kwana. Shinkafar ma ta yi kyau, Allah ya sani. Da kuɗinta ya saya wa 'yar'uwarsa akwatin ƙarfe da bokiti, ya kawo mini tiya biyar. Ranar tafiyarta dangi suka taru, kowa na sa masa albarka, ana cewa ga namiji. Yaya sai washe baki yake yana jefo mini harara da wasa. Na ce amin tare da su, raina a ɓace.

Shi ya ɗauki akwatin a ka muka nufi tasha, 'yar'uwarsa na gaba da ƙawayenta. Sai ya rage tafiya har na cim masa, ya yi ƙasa da murya.

"Gwaggo, in na koma, ina za a sa ni?"

Na riga na tambaya a makarantar. Ba wata hanya sai maimaita aji.

"Aji ukku," na ce.

"Tare da ƙannen abokaina ke nan?"

"Tare da su."

Ya gyara zaman akwatin a kansa, ya ce to. Bayan mun sa ta mota ya ce zai leƙa gona ya dawo. Na tura sunansa makaranta, na wanke kayansa na makaranta na goge, na rataye a ƙusa. Da aka dawo daga hutu na jira shi mako guda bai zo ba, sannan na sauke su na ninke.