Karen da Na Kai Garken Kawu

Shekarun baya, lokacin ina tsaron wani shagon turare da carbi a unguwar Aziziyya, can ƙasa mai tsarki, na yi wani aikin alheri da ya kusa zama kisan kai.

Kawuna, wan mahaifiyata, yana da garken tumaki a bayan gari, ta hanyar Jidda. Sau biyu a wata guda karnukan daji suka shiga suka kashe masa ƙananan raguna, sai ya ce in nemo masa karen gadi. Kawu kuwa mutum ne da in kare ya gifta ta gabansa sai ya tattare rigarsa. Dole ce ta sa shi faɗa.

Wata rana bayan la'asar wani abokina, direban tasi a unguwar Hindawiyya, ya kira ni. Ya ce wani ɗan haya ya tashi daga gidan maƙwabtansu, ya bar kare a ɗaure a saman bene, ba wanda ya san kwana nawa ya yi.

"Yalla, maza ka zo ka ɗauke shi," in ji shi. "In ya ƙara kwana biyu a ranar nan, gawarsa za a sauko da ita."

Na hau benen ina tsammanin ƙaton kare mai gurnani. Abin da na tarar a bayan tankin ruwa, wani ramammen abu ne mai gashi buzu-buzu, haƙarƙarinsa duk a waje. Ina miƙa hannu ya saki fitsari, ya tura kansa cikin lungu. Na kama igiyar wuyansa na ja, ya yi wata 'yar ƙara, na ce a raina ragwanta ce kawai.

Da na sauke shi a garke, Kawu ya dube shi ya dube ni.

"Wannan ne mai gadin? To shi kuma wa zai yi gadinsa?"

Bai rufe baki ba wani ɗan rago ya matso yana sansana, karen ya kwasa da gudu ya shige ƙarƙashin kwamin ruwa. Kunya ta kama ni. Na yi alkawari a raina sai na mayar da shi kare na gaske. Kullum in na rufe shago da rana, sai in biya gidan abincin da ke kusa da mu in kwashi ragowar shinkafar buhari, irin dafa-dukan can, da manta da yajinta da soyayyar albasa, in haɗa da kwalin laban, wato madara mai tsami, in kai masa. In ya ƙi fitowa in jawo shi da igiya.

Kwana biyu gudawa ta fara. Ni da ilimina na ce tsohuwar yunwa ce ke fita, sai na ƙara masa yawan abincin. Ranar ta huɗu da safe na tarar da shi kwance cikin ƙazantarsa, da jini a ciki, ya kasa ko ɗaga kai. Na naɗe shi a tsohon bargo, na nufi wajen likitan dabbobi.

Likitan ya tambayi abin da nake ba shi. Na shiga lissafa masa har da ɗan alfahari. Sai na ga ya ajiye biro.

"Albasa? Kullum?"

Na ce eh.

"Hanjin da ya yi kwanaki ba komai, ka ɗura masa mai da yaji da madara. Albasa kuwa jinin kare take lalatawa. Da ka ƙara kwana uku, da ka gama da shi."

Ban gama haɗiye wannan ba, likitan ya ce yana jin wani wari daga wuyan karen. Ya ɗauko abin aski ya fara rage gashin, sai ya kira ni da hannu. A ƙarƙashin igiyar akwai wayar ƙarfe. Tun yana ɗan kwikwiyo aka ɗaura masa ita, ya girma, nama ya rufe ta, wurin ya ruɓe zagaye da wuyan. A kan wannan ciwon nake ta jan igiya kwana huɗu, ina ce masa rago.

Wallahi ban san lokacin da na fita waje ba. Na zauna a bakin titi.

Aka cire wayar, aka yi masa ƙarin ruwa, aka ba da maganin tsutsar ciki da na ciwon. Likitan ya rubuta mini: farar shinkafa da dafaffen naman kaza, ba gishiri ba mai, kaɗan-kaɗan sau huɗu a rana. Kada a zura masa ido, kada a kai hannu saman kansa, a zauna nesa a bar shi ya zo da kansa. Sau huɗu! Ga azumi ya gabato, masu umara sun cika Aziziyya, mai shago ba zai bar ni in riƙa fita ba. Na karanta wa Kawu takardar ina jiran ya ce in kwashe kayana in mayar inda na samo. Sai ya ce kawai, "Tayyib, ba komai. Ajiye ta nan."

Sai bayan kwana uku na samu na leƙa da azahar. Abin da na gani ya sa na tsaya cak a bakin shinge. Kawu, dattijo mai shekara saba'in, zaune a kan kifaffen bokiti cikin wata tsohuwar jallabiya, ya juya wa karen baya yana jan carbi. Kwanon farar shinkafa na gefen ƙafarsa. Karen na jan ciki yana matsowa, ya ci loma ɗaya ya koma, ya sake dawowa. Wurin kwanciyarsa a wanke tas. Na buɗe baki zan yi sallama, Kawu ya ɗaga mini yatsa, ya kuma harare ni. Haka na tsaya a rana kamar gunki har karen ya lashe kwanon.

Ranar ta goma ina tsakiyar ciniki da wasu mata masu umara Kawu ya kira ni. Hannuna da kwalaben turare, sai na sa wayar a lasifika.

"Albishirinka! Kashinsa ya yi tauri!"

Matan suka kalle ni. Na ce musu wani marar lafiya ne a gida, suka yi ta addu'ar Allah ya ƙara sauƙi. Na amsa da amin, don ba ƙarya na yi ba.

Sai da karen ya ɗauki wata biyu kafin ya daina maƙewa in an ɗaga hannu, a na uku muka fara jin haushinsa. Daga baya ya zama karen garke sosai, ba a sake yi wa Kawu ɓarna ba. Amma Kawu bai taɓa shafa shi ba ko sau ɗaya, kuma kullum sai ya sauya riga kafin ya tafi masallaci.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ban taɓa nufin karen nan da sharri ba, amma hannuna ne ya fi kusa da kashe shi. Na yi ta taimako ban tsaya na duba ina ne ke ciwo ba. Tun daga lokacin, ko mutum ne na ga ya noƙe yana gudun jama'a, nakan ji nauyin cewa ragwanta ce ko girman kai.

Na taɓa tambayar Kawu, shi da ba ya son kare, me ya sa ya yi wannan wahalar. Ya ci gaba da zuba wa tumaki dusa. Can ya ce, "Har yanzu ba son shi nake ba, ɗana. Amma rai ne aka kawo ƙofata, a garin nan mai alfarma. In aka tambaye ni shi gobe, me zan ce?"