Mai Kitso a Teburin Likitoci

Tun muna yara Baba ya laƙaba wa yayata suna Rediyo, ya ce ita ce kaɗai rediyon da ya taɓa gani babu makashi. Sunan ya bi ta har gidan miji, har shagonta na kitso da ke tsakanin mai sayar da magani da mai gyaran waya. Shagon ɗan ƙarami ne: madubi mai tsaga a gefe, kujera 'yar tsugunno, kwandon mataji da tsinken tsifa, sai wata fanka da mijinta ya harhaɗa mata daga gawarwakin fankokin mutane, don gyaran fanka ne sana'arsa. Mata kan ce aikin Yaya biyu ne, ta gyara miki kai, ta cika miki kunne.

Sau ɗaya na san bakin nan ya mutu. Cikinta na fari ne. Ta tafi asibiti da kayan jariri a jaka, ta dawo da su a ninke yadda ta kai su. Yaron ya zo babu rai. Babu wanda ya gaya mata dalili, kowa sai dai ya ce ta yi haƙuri. Ta yi watanni magana ba ta wuce "to" da "a'a" ba. Inna, wadda ta yi shekara da shekaru tana roƙonta ta yi shiru, ita ta koma jan ta da hira. Daga baya Allah ya ba ta 'ya'ya mata uku, surutu ya dawo har da riba, amma tambayar tana nan a ranta.

Babbar ungozomar asibitinmu, wadda kowa ke kira Sista, a wurin Yaya take kitso. Wata rana tana zaune, kanta a cinyar Yaya, sai ta ce, "Rediyo, ma'aikatar lafiya za ta kafa wani tsari a ƙasa baki ɗaya. Duk jaririn da aka haifa babu rai, ko ya rasu bai cika wata ba, za a zauna a duba abin da ya faru. Asibitinmu na cikin waɗanda za a fara da su. Abin da muka gano, mu gyara na gyarawa, mu aika wa gunduma, gunduma ta aika babban birni. Ana son uwa ɗaya daga cikin gari a kwamitin."

"Ni me na sani, Sista? Ko allura ban iya kallo ba."

"Kin san mata. Wace ce ba ta ɗora kai a cinyar nan ba?"

Ranar zaman farko Yaya ta sa zanenta na fita biki, ta tafi da shirin faɗa. Ɗakin taron tsohon ɗakin ajiya ne da aka share, da dogon tebur da kujerun roba. Akwai likitan yara, likitan mata, ungozomomi, mai ɗakin gwajin jini, har da direban motar asibiti. Wata ungozoma ta karanto labarin wani jariri da ya zo bai yi kuka ba, aka ɗau lokaci kafin a samo abin hura masa iska. Ba ta ambaci sunan kowa ba. Yaya ta miƙe, ta gyara ɗaurin zane.

"Wa ke bakin aiki ranar? A nuna min ita."

Likitan yara, wani dattijo mai furfura, ya ce, "Zauna, ƙanwata. A ɗakin nan ba a kiran suna, ba a neman mai laifi. In muka ci mutuncin wadda ta faɗi gaskiya yau, gobe kowa zai ja bakinsa, mu koma inda muka fito."

Ta dawo gida tana huci, ta tarar da mijinta ya baje wata fanka a tsakar gida. Ta zazzage masa labari tas, ta ce likitoci sun haɗa kai suna rufa wa juna asiri. Ya saurara yana goge hannu da tsumma, sannan ya ce, "Uwar yara, in aka kawo min fanka ta ƙone, ba na tambayar wa ya kunna ta. Wayar wutar gidan nake tambaya. In ba a gyara waya ba, ko waliyyi ne ya kunna, sai ta sake ƙonewa."

"Kai komai sai ka mai da shi fanka," in ji ta. Amma wata na zagayowa ta koma.

A zama na biyu aka gano abin hura iskar a kabad yake, kabad ɗin a kulle, makulli kuma a aljihun duk wanda ya fara zuwa aiki. An kulle ne don kaya sun taɓa ɓata. Aka kira kafinta ya cire ƙofar kabad ɗin, aka rataye abin a bango kusa da gadon haihuwa. Yaya ta ce a ranar ta fahimci abin da dattijon ke nufi, don ungozomar da abin ya faru a hannunta ita ta ɗaga hannu da kanta ta yi bayani, kuma babu wanda ya harare ta.

Aikin da aka ba Yaya shi ne raka wata ungozoma gidajen da aka yi rashi, a ji abin da ya faru kafin a iso asibiti. A nan ta sha wuya. Sista ta gargaɗe ta: ta gaisa, ta yi ta'aziyya, ta yi tambaya ɗaya, ta kama bakinta. Yaya ta ce sai da ta riƙa cizon gefen mayafi don kada magana ta kufce mata. Amma ta iya zama da mai baƙin ciki, don ta taɓa zama a wurin. Wani lokaci sai ta ciro mataji daga jaka ta hau taje wa matar kai, tana tajewa matar na magana. Da haka kwamitin ya gano mata da yawa sun ji motsin ciki ya ragu, suka yi zaton yaro barci yake, suka zauna jiran maigida ya dawo. Wasu kuma abin hawa suka rasa. Direban asibiti ya je tashar masu motar haya, aka samu wasu suka yarda a kira su duk lokacin da mai ciki ta matsu.

Wata rana bayan an tashi zama, Sista ta riƙe ta, ta sa ta ba da labarin cikinta na fari tun daga farko. Yaya ta faɗi kumburin ƙafa, da ciwon kan da ta ɗauka na gajiya ne. Sista ta ce ba za ta rantse ba, shekaru sun ja, amma ya yi kama da hawan jini na masu ciki, kuma a lokacin ba kowace mai ciki ake aunawa ba. "Ba sakacinki ba ne," in ji ta. Yaya ta yi kuka mai isarta. Da ta zo gidana ranar, ta sha shayi kofi biyu, ta ce ji take kamar an sauke mata tulu daga ka.

Da aka zo faɗaɗa tsarin zuwa sauran asibitocin ƙasa, aka kira taro a babban birni, asibitinmu ya tura likitan yara da Sista da Yaya. Ta dawo da labari buhu-buhu. Ta ce an yi ta gardama a kan jariran da ke rasuwa a gida, waɗanda babu asibitin da ya san da su, da ƙananan asibitocin da ungozoma ɗaya ce ke komai, ina za ta samu lokacin zama? Ba a warware duka ba, har yanzu akwai wuraren da ba a fara ba. Da aka ba ta abin magana, likita ya raɗa mata ta taƙaita. Abu ɗaya ta roƙa: in an gama dubawa, a koma wurin uwar a gaya mata abin da aka gano, da bakin da za ta gane. Wata likita daga wani yanki ta goya mata baya, ta ce su ma sun fara haka. Aka sa shi cikin tsarin.

"Kin taƙaita kuwa?" na tambaye ta.

"Sai da aka kashe abin maganar. Na ƙarasa da muryata."

Kwanan baya ina shagon, tana yi wa matar mai gyaran waya kitso, cikin matar ya tsufa. An gama gefe ɗaya ke nan Yaya ta tambaye ta, yadda take tambayar kowace mai ciki yanzu, "Mutumin naki yana wasa?"

"Tun jiya ya yi lamo, Yaya. Ina ga hutawa yake."

Yaya ta ajiye tsinke. "Tashi."

"Da rabin kai? Ki bari mu ƙarasa mana."

"Kai ba ya gudu. Ɗaura ɗankwali."

Ta leƙa ta kira mijin, ta bar min shago, suka tare mota. A asibiti aka saurari bugun zuciyar jaririn, aka ga ya yi rauni, aka shiga da ita ɗakin tiyata. Aka ciro yarinya 'yar mitsitsiya, ta ɗan yi jinkiri, aka hura mata iska, ta tsala ihu.

Washegari na raka Yaya dubiya, ta tafi da kwandonta. Mai jego na kwance, gefe ɗaya kitso shar, ɗaya gefen gashi a tsaye kamar an firgita shi. Mijin ya riga ya ɗauke ta hoto a haka ya tura wa dangi kaf, tana ta yi masa mita. Yaya ta sa aka tada ta da matashin kai, ta zauna a bakin gado, ta ƙarasa kitson a hankali, jaririyar na barci a ƙirjin uwarta. Kafin mu fito, mata huɗu a ɗakin sun kwance ɗankwali suna jiran layi, Sista kuma ta leƙo ta ce in an gama da su, ita ma nata ya tsufa.